Kujerar Inna

A gidan su mijina, can Ƙofar Atiku a Sakkwato, babu mai kiran 'yata da sunan yanka. Sunan mahaifiyar surukina ta ci, don haka tun ranar suna kowa Inna yake ce mata, har shi Alhajin, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. In ta shigo zaure sai ya gyara zama ya ce uwarsa ta iso. In za a fita da mota, gaba ne wurinta, a kan cinyarsa, hannunsa ɗaya a cikinta, ɗayan riƙe da carbi. Ni kuwa kunya biyu ce ta haɗu mini: ga ta 'yar fari, ga ta takwarar uwar maigida. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na tambayar ko ta ci abinci. In ta faɗi tana kuka sai in kau da kai in bar wata ta ɗaga ta. Anti take kirana, kamar sauran yaran gidan. Haka aka rene mu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Da mijina Aminu ya sami gurbin ƙaro karatu a Ingila aka ce mu bi shi, Alhaji ya daɗe bai amince ba. Da ya gaji da roƙo, abu biyu ya ba ni. Na farko tim-tim ne ja, na fatar Sakkwato, an zazzage cikinsa an ninke don ya shiga akwati, wai uwarsa kada ta zauna a ƙasan Turawa mai sanyi. Na biyu magana ce. Ina durƙushe ya ce, "Ki maido min uwata yadda kinka ɗauke ta." Na ce to, don a lokacin ban san nauyin abin da na amsa ba.

Garin da muka sauka yana arewacin ƙasar, kuma ruwan sama ba ya gajiya a can. Ba irin namu ba ne da zai zo da tsawa ya zuba ya wuce a sha iska. Wannan yayyafi ne mai naci, ya kwana ya wuni yana abu ɗaya. Ɗaki muka kama a saman wani shagon wanki. Aminu ya fita da safe zuwa jami'a, daga can ya wuce wani wurin aiki, sai ya zama daga ni sai Inna, muna kallon juna kamar baƙi biyu a tasha. Tana da shekara biyar a lokacin. Kukanta kullum ɗaya ne, a kai ta wurin Alhaji. Ranar farko da ta yi kukan, na tsaya ina jiran wata ta zo ta rarrashe ta, sai na tuna babu wata. Na ɗauke ta ina waige-waige kamar mai sata, alhali ko ƙuda babu a ɗakin.

Tim-tim ɗin nan shi ya zama garinmu. Na cusa masa tsofaffin kaya har ya cika ya yi tsaye. Inna a kansa take cin abinci, a kansa take kallon waya in Alhaji ya kira. Ni kuma, in kewar gida ta taso mini, sai in faki idonta in sa hancina a jikin fatar. Warin jima ne, wanda a da in na bi ta wurin dukawa har toshe hanci nake yi. A can kuwa na fi son sa a kan kowane turare. Na yi ƙoƙarin dama fura da geron da na samo a shagon wasu Indiyawa da madarar kanti mai tsami, abin ya fito kamar kunun marar lafiya. Mun shanye dai.

Bayan wasu watanni na sami aikin kula da tsofaffi, ana bin su gida-gida. Ki yi wa wannan wanka, ki ba wancan magani, ki saurari labarin da wata ta ba ki jiya da shekaranjiya kamar yau kika fara ji. Aikin bai dame ni ba, mun saba da tsofaffi. Abin da ya kusa kashe ni jiran bas ne a cikin sanyi, ga kai Inna makaranta, ga ɗauko ta. Tunda na iya tuƙi tun a gida, sai muka lallaɓa muka sayi wata tsohuwar mota ƙarama. Na sha fama kafin hannuna ya saba da titin da komai nasa a juye yake, amma na saba.

Ranar da motar ta zo Aminu ya ce, "Kin san an ce ƙasar ga yaro ba shi shiga mota sai da kujera tai ta daban. Doka ta."

Na tambaye shi amfanin kujerar. Ya ce yadda ya ji, tana ɗaga yaro ne ya yi tsawo don bel ya kama shi. Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce in dai ɗagawa ce, mu da muke da tim-tim? Turawa dai ba su rasa hanyar raba mutum da abin hannunsa. Na ɗauko shi na ajiye a kujerar baya, na ɗora Inna, na ja bel na soka. Ta zauna ɗas, kanta ya kai taga. Na tsaya ina kallonta ina jin daɗin kaina, har hoto na ɗauka na aika gida. Alhaji ya turo saƙon murya yana sa mini albarka, wai na san darajar kyauta.

Mun yi makonni a haka lafiya lau. Sai wata safiya muna hanyar makaranta, ana wannan yayyafin, wata motar kaya ta fito daga lungu ba tare da ta tsaya ba. Ban ma yi gudu ba, Allah ne shaidata. Na take birki da duk ƙarfina, motar ta tsaya cak, ba mu taɓa kowa ba. Amma a bayana na ji wani sauti da har yau ba na son tunawa. Na juya. Tim-tim ya sulɓe daga ƙarƙashinta kamar sabulu ya faɗa ƙasa, ita kuma ta zame ta bi shi, bel ɗin da ke kafaɗarta ya koma wuya ya shaƙe ta, na ƙasan ya hau cikinta. Idanunta sun firfito, bakinta a buɗe, babu kuka.

"Hauwa'u!"

Ni ce na faɗa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun da na haife ta, shi ya fito da kansa. Ban san yadda na buɗe ƙofa ba, ban san yadda na kwance ta ba. Na ga dai kaina a zaune a bakin titi cikin ruwa, tana ƙirjina, tana tari, sannan kukan ya zo. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba. Mai motar kayan ko tsayawa bai yi ba. Wani tsoho Bature da ke yawo da karensa ne ya zo ya tsaya a kanmu, ya buɗe lemarsa ya rufe mu, shi ruwa na dukansa. Bai tambaye ni komai ba. Ya tsaya har kukan yarinyar ya lafa, ya ciro hankici ya miƙo mini, ya nuna mini hanyar asibiti da hannu. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata ta neman shiriya da alheri har gobe.

A asibiti suka duba ta ciki da waje suka ce Allah ya taƙaita, fata ce kawai bel ya ɗaye a gefen wuya. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta tambaye ni a kan me yarinyar take zaune. Na rasa yadda ake cewa tim-tim da Turanci, na ce matashi ne na fata. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi bel ɗin mota don jikin babba aka yi shi, kuma abin da zai ɗaga yaro dole ya zama wanda ba ya zamewa, mai riƙe bel ɗin a inda ya kamata. Ta ce in nemo kujera kafin in sake sa ta a mota. Ciwon ya warke ya bar tabo siriri, baƙi. Daga ranar, duk lokacin da Alhaji zai kira, sai na sa wa Inna hijabi. Ya yi ta murna wai uwarsa ta girma.

A wannan halin na haɗu da Alhaji Mudi. Ina shagon naman halal sai na ji ana waya da Hausa a bayana. Wanda bai taɓa zama inda ba a jin harshensa ba, ba zai gane abin da na ji ba. Kamar a ce an buɗe mini ƙofar gidanmu. Na juya na gaishe shi, ya ajiye wayar ya amsa da fara'a, ya tambayi garinmu. Da na ce Sakkwato sai ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa ta wajen uwa mutuniyar can ce, don haka ni ƙanwarsa ce ta jini. Ya ce sana'arsa sayar da kayan gida na hannu, kuma duk ɗan Arewa da ya sauka garin shi ke share masa hawaye. Na ba shi labarin abin da ya faru, har da ƙwalla.

Ya ce, "Subhanallahi! Ƙanwata, kada ki je kanti su yanke ki. Akwai ta 'yata a gida, ta girme ta ne kawai. Sabuwa fil. Don ke ce zan bayar."

Washegari ya kawo ta har ƙofar gida. Kujera mai kyau, rigarta shuɗiya tas, tana ƙamshin turare. Na biya abin da ya ce ban ko yi ciniki ba, ni da ake tsorona a kasuwa. Har da ba shi ragowar yajin da na zo da shi daga gida, wanda nake tattali kamar zinariya. Har yau in na tuna yajin nan sai raina ya ɓaci.

Allah ya sa ban kai ga ɗora yarinyar a kai ba. Ina kokawar gano inda bel ke bi, sai maƙwabciyarmu ta fito. Mutuniyar Sudan ce, Ummu Yasir ake ce mata, 'ya'yanta huɗu, bayan motarta cike da kujeru kamar ajin makaranta. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a da, ni da Larabcin Islamiyya, ita da Turancin da bai fi nawa ba. Ta tsaya ta kalle ni, ta tambayi inda na samo. Na ce ɗan'uwana ne ya sayar mini. Ta ce ko ɗan'uwa ne, kayan da ɗan wani ya zauna a kai sai an wanke. Kafin in yi magana ta fara ɓalle rigar kujerar.

Tana zare rigar sai asiri ya tonu. Farin soson da ke ciki, mai taurin nan, ya tsage tun daga wurin kai har gefe, an shafa gam an naɗe da salatif. A bayanta, inda ake manna shaidar cewa an gwada kujera an amince da ita, an kankare wurin da wuƙa. Ummu Yasir ta sa yatsa a tsagar, ta ɗan danna, gefen ya buɗe. Ta ce wannan kujerar ta taɓa shiga hatsari, ta riga ta yi aikinta sau ɗaya, ba ta da na biyu. Ta ce irin waɗannan zubarwa ake yi, wasu marasa tsoron Allah ke tsintowa su yi musu kwalliya.

Nan take na kira Mudi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, cikin sanyin murya kamar mai wa'azi, "Haba ƙanwata, kin zama Baturiya ne? Ai Allah ne ke tsarewa, ba kujera ba."

Abin da na faɗa masa ba zai rubutu ba. Na dai tuna na ce masa Allahn da ke tsarewa shi ne ya tona masa asiri kafin kujerarsa ta kashe mini ɗiya, kuma in kakarsa ta gaske 'yar Sakkwato ce to ta yi asarar jika. Ya kashe wayar, daga nan lambar ba ta sake shiga ba. Na zauna a kan matakala na yi kuka, kuma ba kuɗin ne suka sa ni kuka ba. Da Hausa aka cuce ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ummu Yasir ta shiga gida ta fito da shayi mai kayan ƙamshi, ta zauna kusa da ni, ta ce ranar Asabar in shirya yarinyar.

Ita ta kai mu wani babban kanti a bayan gari, Inna a kan kujerar ɗanta da suke kusan tsawo ɗaya. Wadda ta tarbe mu wata 'yar budurwa ce mai ɗan kunne a hanci da gashi kore, irin wadda da a gida na gan ta da na yi a'uziyya. Ba ta fara nuna mana kaya ba. Ta tsayar da Inna a jikin bango ta auna tsawonta, ta ɗora ta a sikeli, sannan ta ce in je in kawo motata, don kujerar da ta zauna daidai a wata motar ba lallai ta zauna a tawa ba. Sai da muka koma muka ɗauko ta. Na yi ta mita a hanya, Ummu Yasir na dariya.

Budurwar nan ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti tana sa wannan tana cire wancan. Ni idona na kan wata 'yar ƙarama marar baya, don ita ce mai sauƙin kuɗi. Inna kuma ta rungume wata mai ruwan hoda da zanen furanni ta ce ita ko babu. Aka gwada tawa, bel ya zo ya gogi daidai tabon, na ce a cire tun kafin a tambaye ni. Aka gwada ta Inna, sai ta riƙa girgiɗi a kan kujerar motar. Wadda ta zauna daram wata baƙa ce, ba ado ko ɗaya, mai dogon baya da fukafukai a gefen kai. Budurwar ta kama hannuna ta bi da shi kan bel ɗin don in ji da kaina. Na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa ya sauko ƙirji, tsakaninsa da wuya akwai sarari. Na ƙasa ya kwanta a kan ƙugu, saman cinya, bai hau ciki ba. Ta nuna mini yadda ake ɗaga wurin kai in yarinya ta ƙara tsawo, da 'yar shaidar nan mai ruwan goro da ke manne a baya. Ta ce a riƙa cire mata rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaura, kuma baya ne wurinta, don jakar iskar da ke fitowa a gaban mota in an yi karo tana iya yi wa yaro illa.

Kuɗinta sun girgiza ni, ba zan ɓoye ba. Takalmin sanyin da nake tara wa kuɗi ya sha ruwa, na ƙarasa wannan hunturun da safa biyu a cikin tsohon. Inna ta yi fushi da baƙar kujera har muka fito daga kantin. Amma da ta hau, na soka bel ya ce ƙas, sai ta yi dariya ta ce in sake. Daga ranar ya zama dokarta: mota ba ta tashi sai an ji ƙas. A hanyar komawa muka bi ta gefen gonaki, ta hango tumaki a kan tudu, ta buga tagar da hannu ta ce, "Mama, duba! Tumakinsu ba su da kunne!" Sai da na wuce gonakin na gane abin da ta kira ni. Ban gyara mata ba.

Da Aminu ya gama karatu muka fara ɗaurin kaya, a nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce kujera ta tsaya, nauyinta na akwatin tsaraba guda ne, kuma wa ya taɓa ganin yaro ɗaure a mota a Sakkwato? Na ce Inna ta kai bakwai amma ƙaramin jiki gare ta, har yanzu bel a wuya yake kama ta, kuma titin gida bai fi na nan tausayi ba. Na zazzage akwatina na fitar da jakunkuna da turarukan da na saya wa dangina, na kai wa Ummu Yasir ta raba wa 'ya'yanta. Muka naɗe kujerar da bargo muka sa a kwali. Muka rungumi juna da matar nan a bakin ƙofa, kowa na kuka da yarensa.

Zafin Sakkwato ya tarbe mu tun daga matakalar jirgi, na ji kamar in durƙusa in sumbaci ƙasa. A gida aka yi ta guɗa. Alhaji ya rungume Inna. Da aka zo buɗe kaya, matan gida suka kewaye babban kwalin suna jiran abin mamaki, sai ga baƙar kujera. Wata ta ce, "Wagga ita ta tsarabar? Kujera munka rasa garin ga?" Aka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Motar Alhaji kuwa, da na leƙa bayanta, babu alamar bel. An yi wa kujerun riga tun shekarun baya an binne komai a ciki. Na matsa wa Aminu muka kai ta Tudun Wada wurin masu ɗinkin kujerun mota. Mutumin ya farke rigar ya zura hannu ya zaƙulo su, tare da ɓawon gyaɗa da wani tsohon carbi da aka daɗe ana nema. Ya ja su ya fizga, suka kama, lafiyarsu ƙalau. Ya buɗe musu ƙofa a jikin rigar yana tambayar Aminu ko jami'an hanya ne suka matsa masa.

Ranar da nake tsoro ta zo da safe. Za a je ƙauye, wajen Wurno, a kai Inna ta gaida yayar Alhaji. Na riga kowa fita na ɗaura kujerar a baya. Aminu ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Don Allah ki bari, yau ɗai. Kin san Baba." Alhaji ya fito cikin babbar riga fara, ya shiga gaba, ya buɗe hannuwa. Inna ta ruga ta haye cinyarsa, sannan ta juyo ta kalle ni, don ta san doka. Matan gida na tsaye a bakin ƙofa, surukata Hajiya a gabansu.

Na taka har gefen motar na durƙusa a ƙasa.

"Baba, alfarma nika roƙo. A bari Inna ta zamna baya, bisa kujera tata."

Hajiya ce ta fara magana. "Ke! Ɗiyar fari ta hwa. Ina kunya ta tahi? Can kinka baro ta?"

Alhaji ya dube ni, ya dubi kujerar ta bayan kafaɗarsa. "Uwata za ki ɗaure baya, awa akuyar da za a kai kasuwa? Tun tana jinjira nika riƙon ta ga hannun ga. Ta taɓa hwaɗuwa?"

Ban da bakin gardama da shi, kuma ban zo don in yi ba. Na miƙa hannu, a gaban kowa, na ɗage gefen hijabin yarinyar. Tabon ya dushe amma yana nan. Alhaji ya sunkuya ya kai fuskarsa kusa.

"Mi na wanga?"

Na faɗa masa. Yayyafin, motar kayan, birkin, yadda ta zame, yadda ta kasa kuka. Na ce ko gudu ban yi ba. Yana saurare yana shafa wurin da babban yatsa.

"Bisa mi take zamne?"

Wannan ce tambayar da na yi ta addu'ar kada ya yi. Na dubi Aminu, ya sunkuyar da kai.

"Bisa tim-tim, Baba. Ni na aza ta. Na ɗauka ya isa."

Yatsansa ya tsaya. Na ce, "Baba, in birki ya kama, hannu ba shi iya riƙon yaro, ko na wa na. Kai kac ce in maido ma ita yadda niɗ ɗauke ta. Sau guda na kusa kasawa. Ba ni son in kawo ta har ƙohwar gida sannan in kasa."

Ya daɗe yana kallon gilashin gaban motar, wanda bai fi taƙi biyu da goshin yarinyar ba. Sannan ya sauke ta a hankali, ya tattara rigarsa, ya fito. Na ce shi ke nan, an fasa tafiya, kuma na ɓata da surukina har abada. Hajiya ta fara salati. Sai na ga ya kama hannun Inna ya zagaya da ita, ya buɗe ƙofar baya.

"Hau, uwata. Gwada min yadda aka yi."

Ta haye da murnarta, ta jawo bel tana yi masa bayani kamar malama: nan ga kafaɗa, ba ga wuya ba, nan kuma ga ƙugu. Ya karɓi bakin ƙarfen da hannunsa, ya lalubi ramin, ya kuskure, ya sake. Ƙas. Ya sa yatsa tsakanin bel da wuyanta ya ga akwai sarari, ya gyaɗa kai. Sai ya zagaya ɗaya gefen ya shiga ya zauna kusa da ita.

Aminu ya ce, "Baba, gaba hwa?"

"Matarka ta zamna. In uwa tana baya, mi ɗa ka yi gaba?"

Matan gida suka fashe da dariya, har Hajiya, tana rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa a ranar na san kunyata ba ta je ko'ina ba, don da na shiga na zauna a kujerar surukina ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska, hawaye na zuba a ciki. Aminu ya sa makulli, sai muka ji muryar Inna daga baya.

"Tsaya, Abba. Alhaji bai sa nashi ba."

Na ɗaga ido na dubi madubi. Tsohon nan yana kokawa da bel a kan babbar riga, uwarsa na riƙe masa ramin da hannu biyu. Aminu bai tayar da motar ba sai da muka ji ƙas na biyu.